Karatun Gaba da Digiri ta Intanet: Nasiha ga Matasan Ungozomomi

Ungozomar da ta kammala makaranta, ta karɓi lasisi, ta yi shekara uku ko huɗu tana karɓar haihuwa dare da rana, takan kai wani matsayi da hannunta ya faɗa da aiki amma tambayoyin da ke damun ta suka fi ƙarfin abin da aka karantar da ita a aji. Takan so ta san dalilin da ya sa mata suke ta mutuwa da zubar jini a asibitin da take aiki alhali maganin yana cikin kabad, ko dalilin da ya sa masu zuwa awon ciki suke cika benci amma ranar naƙuda sai su zauna a gida. A wannan matsayi ne sha'awar ƙaro karatu takan taso, kuma a 'yan shekarun nan tallace-tallacen jami'o'in da ke ba da digiri na biyu ta intanet sukan iske ta har cikin wayarta, da alkawarin cewa ba sai ta ajiye aiki ko ta bar gidanta ba. Alkawarin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai abubuwan da mai talla ba ya faɗa, waɗanda ya kamata matashiya ta sani kafin ta tura ko sisin kwabo.

Abin da ake kira karatun gaba da digiri shi ne duk karatun jami'a da ake hawa bayan digiri na farko, kuma a tsarin Birtaniya, wanda yawancin waɗannan darussa suke bi, yana da matakai uku da aka jera bisa makin da ɗalibi ya tara: mai maki 60 yakan sami satifiket, mai maki 120 babbar difloma, mai maki 180 kuma, wanda ya haɗa da rubuta kundin bincike, shi ne yake samun cikakken digiri na biyu. Karatu daga nesa ba sabon abu ba ne, domin Jami'ar Landan ta buɗe ƙofarta ga ɗaliban da ba sa zaune a harabarta tun shekarar 1858, kuma a Najeriya an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, a 1983, aka dakatar da ita shekara ɗaya bayan haka, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Intanet ta sauya hanyar isar da darasi ne: lacca ta zama bidiyo, muhawarar aji ta zama rubutu a dandalin ɗalibai, ɗakin karatu kuma ya koma cikin kwamfuta. Tun daga nan akwai tuntuɓe na farko, domin da yawa daga cikin ungozomomin Arewa takardar makarantar jinya da ungozoma suke riƙe da ita, ba digiri ba, don haka mafi yawansu sai sun fara yin digirin kimiyyar jinya, wanda NOUN da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello suke bayarwa, kafin su cancanci abin da ke gaba.

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan irin wannan karatu a ƙasar Hausa ita ce ƙarancin ma'aikata. Ƙiyasin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar game da shekarar 2020 ya nuna cewa mata kusan 287,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kusan 82,000 daga cikinsu a Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali burin da ƙasashe suka amince da shi shi ne a sauko ƙasa da mutuwa 70 a kowace haihuwa 100,000 kafin 2030. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ƙwararren ma'aikacin lafiya yake karɓa, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Rahoton halin da aikin ungozoma yake ciki a duniya na 2021 ya ƙiyasta giɓin ungozomomi 900,000. A asibitin karkara da ungozoma ɗaya ko biyu suke riƙe da ɗakin haihuwa, tafiyar ɗaya daga cikinsu hutun karatu na shekara biyu tana nufin rufe ɗakin da daddare, kuma sau da yawa wadda ta tafi birni karatu ba ta komawa ƙauyen. Ga kuma aure da yara, waɗanda sukan sa tafiya Ingila ko ma Ibadan ta gagari mace mai ƙwazo. Karatun intanet yana barin ungozoma a bakin gadon da ake buƙatar ta, kuma duk wata fa'idarsa tana bin bayan wannan ne.

Amma wajibi ne matashiya ta san iyakar abin da allon kwamfuta yake iya ba ta. Ciro mabiyiya da hannu idan ta maƙale, karɓar jaririn da ya zo ta ɗuwawu, ɗinke ƙarin da mace ta samu, farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba a cikin minti na farko: duk waɗannan ayyukan hannu ne da ake koyo a gefen wanda ya iya, a kan mutum-mutumin gwaji tukuna, sannan a kan mai naƙuda ƙarƙashin idon babba, ana yi ana gyarawa har jiki ya saba. Shi ya sa ƙa'idar Ƙungiyar Ungozomomi ta Duniya ta tanadi cewa aƙalla rabin karatun zama ungozoma ya kasance na aiki a asibiti. Digiri na biyu ta intanet ba ya mayar da wanda ba ungozoma ba ya zama ungozoma, kuma ba ya faɗaɗa abin da doka ta yarje wa mutum ya yi. A Najeriya wannan hurumin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ne, wadda take ba da lasisi tana kuma sabunta shi duk shekara uku bayan ma'aikaciya ta halarci horon da aka wajabta. Jami'in lafiyar al'umma ko mai harhaɗa magunguna da ya yi digiri na biyu a fannin lafiyar mata masu juna biyu ya ƙaru da ilimi, amma takardar ba ta ba shi izinin karɓar haihuwar da lasisinsa bai ƙunsa ba. Wadda ta san hannunta ne bai nuna ba, gara ta nemi horon ceton rai na gaggawa da ake yi ido da ido a babban asibiti, ta jinkirta digirin.

Abin da karatun yake gyarawa shi ne hukunci, wato iya auna hujja da sanin lokacin da abin da aka saba ya tsufa. Ilimin haihuwa yana sauyawa da sauri fiye da yadda littattafan makaranta suke sabuntuwa. An daɗe ana koyar da cewa zuwa awo sau huɗu ya wadatar, amma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau takwas. An daɗe ana cike takardar bin diddigin naƙuda, wadda Philpott da Castle suka tsara mata layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki a 1972 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, bisa fahimtar cewa bakin mahaifa yana buɗewa santimita ɗaya a kowace awa. A 2018 hukumar ta ce naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne daga santimita biyar, kuma mata da yawa masu lafiya ba sa bin wancan ma'auni na awa, sannan a 2020 ta fitar da sabuwar takardar kula da naƙuda. Ungozomar da ta tsaya a kan abin da ta haddace shekara goma da suka wuce tana iya ɗaura wa mace ruwan naƙuda ba bisa buƙata ba, da kyakkyawar niyya da cikakkiyar amincewa da kanta.

Zubar jini bayan haihuwa, wanda aka saba fassara shi da zubar rabin lita ko fiye a cikin awa 24, shi ne misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin ya fi kowane dalili kashe masu haihuwa. A 2017 wani babban gwaji da ya ƙunshi mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna cewa allurar tranexamic acid, wadda take hana gudan jini narkewa, tana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Amma magani ba ya aiki sai an gane cutar, kuma ido mummunan ma'auni ne na jini: zani yakan sha, katifa takan sha, sauran ya malale ƙasa ya gauraya da ruwan haihuwa, ma'aikaciya ta duba ta ce da sauƙi. Gwajin da aka kira E-MOTIVE, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2023, an yi shi ne a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Da zarar jariri ya fito, akan shimfiɗa wata leda a ƙarƙashin mai jego, mai aljihu kamar mazurari da aka zana wa layukan awo, ta yadda jinin yake taruwa wuri ɗaya, ungozoma tana duba layin da ya kai a kai a kai tare da bugun jini da ƙarfin mahaifa. Idan ya kai layin haɗari, ba a bin matakan ɗaya bayan ɗaya ana jira a ga ko na farko zai yi aiki. A lokaci guda ake murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da tranexamic acid, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai ƙari ko ragowar mabiyiya, a kira na gaba idan abin ya ƙi. A asibitocin da aka bi wannan tsari an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, a sauran kuwa kashi 51, kuma mummunan sakamako, wato zubar lita ɗaya ko fiye, ko buɗe ciki, ko mutuwa, ya kasance kashi 1.6 a maimakon kashi 4.3.

Wadda ta yi karatu mai kyau za ta iya karanta rahoton irin wannan gwaji da kanta, ba sai an taƙaita mata shi a taron bita na kwana biyu ba. Za ta fahimci dalilin da ya sa aka raba asibitocin gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wato domin kada son zuciya ko bambancin kayan aiki ya ɓata kwatancin. Za ta gane cewa raguwar kashi 60 cikin ɗari da jaridu suka yayata daidai take da ceton mata kusan uku a kowace ɗari daga mummunan sakamako. Kuma za ta tambayi kanta ko asibitinta, wanda watakila ba shi da wurin ajiyar jini ko motar ɗaukar marasa lafiya, ya yi kama da waɗanda aka yi gwajin a cikinsu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke raba mai ilimi da mai hadda, kuma darussan ilimin yaɗuwar cututtuka da na ƙididdiga, waɗanda ɗalibai suka fi ƙi, su ne suke koyar da ita. Matashiyar da take duba manhajar wata jami'a ta fara neman waɗannan darussa biyu. Idan babu su, ko an mayar da su na ganin dama, to digirin ba shi da ƙashin baya.

Akwai kuma batun inda aka rubuta manhajar. Darussan kula da masu juna biyu na jami'o'in Birtaniya da Ostireliya an gina su ne a kan damuwar waɗancan ƙasashe, inda matsalar ta fi karkata ga yawan shiga tsakani: tiyatar da ba dole ba, tayar da naƙuda da wuri, da buƙatar mace ta sami ungozoma ɗaya da za ta bi ta daga awo har jego. Waɗannan batutuwa suna da amfani, musamman abin da suke koyarwa game da mutunta mai naƙuda da neman yardarta, domin tsawa da gori da mari a ɗakin haihuwa suna cikin dalilan da mata suke bayarwa na ƙin zuwa asibiti, kuma ma'aikatan Arewa ba su da dalilin yin kamar ba su san da haka ba. Sai dai matsalar karkarar Jigawa ko Zamfara ko Maraɗi ta fi yawa a ɗaya ɓangaren, wato kulawar da ba ta isa ba ko ta zo a makare. Thaddeus da Maine sun bayyana wannan a 1994 da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Malamin da ke Landan ya san wannan a takarda, amma ɗalibarsa ce ta san yadda ake jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin a fita da mai naƙuda, da yadda kunyar haihuwar fari take sa yarinya ta ɓoye ciwo har kwana biyu, da yadda damina take yanke hanya, da yadda ake fara kai mai jijjiga wurin mai magani da zaton iska ce, alhali hawan jinin ciki ne ya jawo jijjigar, wadda allurar magnesium sulphate take tarewa. Littafin zai ce a yi allurar oxytocin, ba lallai ya tuna cewa maganin yana son sanyin firji, kuma yana iya rasa ƙarfinsa a kabad ɗin asibitin da ba shi da wuta a zafin bazara.

Saboda haka dabarar ɗaliba mai hankali ita ce ta karkato kowane aikin gida zuwa ɗakin haihuwarta. Tarihi ya nuna abin da ƙidaya kaɗai take iya yi: Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya a ƙarshen shekarun 1970, aka wallafa a 1985, kuma daga wannan rijista duniya ta ga yadda mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin matan da ba su yi awo ba aka kawo su a galabaice, da yadda ilimin boko yake da alaƙa da tsirar uwa. A wannan zamanin ne kuma likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Babu ɗayan waɗannan bincike da ya buƙaci na'ura mai tsada. Ungozomar da ta ɗauki rijistar haihuwa ta shekara guda, ta zauna da biro da rula, ta ƙirga mata nawa aka kawo da doguwar naƙuda, daga waɗanne ƙauyuka, ƙarfe nawa suka iso, ƙarfe nawa aka fara duba su, nawa aka tura gaba kuma nawa aka sami labarin ƙarshensu, za ta tarar da layuka da yawa babu komai a cikinsu, wasu an cike su da rubutu iri ɗaya a rana ɗaya saboda masu duba aiki suna tafe. Wannan giɓin kansa sakamako ne, kuma gyara shi ya isa kundin digiri. Amma bayanin majiyyata amana ne: dole a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na shugabannin asibiti, a cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum, kuma hoton mai naƙuda ko na fayil ɗinta ba abin turawa dandalin ɗalibai ko zauren WhatsApp ba ne, ko da kuwa don neman shawara ne.

Tantance jami'a yana gaban biyan kuɗi. A watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Intanet ta sauƙaƙa wa irin waɗannan 'yan kasuwa aiki, domin shafi mai kyau da hoton gini ba su da tsada. Jami'ar cikin gida sai an duba ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da ita, ta kuma amince da wannan darasi ta hanyar karatu daga nesa, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da darasi daban. Ta waje kuwa sai an tabbatar hukumar ƙasarta ta san da ita, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda take tantance takardun ƙetare, za ta karɓi shaidarta. A Nijar da Chadi da Kamaru ana la'akari da majalisar ilimi mai zurfi ta CAMES. Bayan haka, ya kyautu ma'aikaciya ta sami izinin karatu a rubuce daga hukumar da ta ɗauke ta aiki kafin ta fara, domin akan ƙi lissafa takardar da aka yi ba da izini ba idan lokacin ƙarin girma ya zo. Makarantar da ba ta tambayi takardun mutum ba, ko ta yi alkawarin digiri na biyu cikin 'yan watanni, ko wakilinta yake matsawa a biya yau kafin rangwame ya ƙare, ta riga ta bayyana kanta.

Kuɗin jami'o'in waje da fam ko dala ake biya, kuma wanda ya fara karatu kafin watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 tana sama da naira 1,500, kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku ba tare da jami'ar ta ƙara ko fam ɗaya ba. Don haka tsarin da yake barin ɗaliba ta biya darasi-darasi, ta kuma fita da satifiket ko difloma idan hali ya gaza, ya fi aminci a kan wanda sai an kai ƙarshe ake samun komai. Hukumar tallafin karatu ta ƙasashen Kwamanwel tana biyan kuɗin makaranta na wasu zaɓaɓɓun digirori na biyu daga nesa ga 'yan ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Kamaru, kuma nema ba ya cin kuɗi sai lokaci da natsuwa wajen rubuta dalili.

Lokaci ne ya fi kuɗi kayar da ɗalibai. A lissafin Birtaniya kowane maki ɗaya awa goma ne na karatu, wanda yake nufin digiri na biyu awa 1,800 ne. Idan an raba shi shekara uku, ya kama kusan awa 12 a kowane mako ko da ba a ɗauki hutu ba, a lokacin zangon karatu kuwa ya fi haka. Mace mai aikin dare, mai girki, mai shayarwa, mai zuwa biki da gaisuwar mutuwa, sai ta zauna ta nuna wa kanta inda awannin nan za su fito kafin ta cike fom, kuma sai ta yi maganar da maigida da uwar miji da abokan aiki tun farko, domin su ne za su ɗauki nauyin da za ta sauke. Karatu a bakin aiki, da waya a hannu mai naƙuda tana nishi a ɗaki, cin amana ne ko da darasin na ceton rai ne. Wuta da data kuwa ana iya yi musu dabara, da ƙaramar sola da sauke lacca a lokacin da layi ya yi kyau, kuma darasin da aka naɗa ake kallo a kowane lokaci ya fi dacewa da mai aikin karɓa-karɓa a kan wanda sai an hallara kai tsaye a agogon wata ƙasa. Rubutun ilimi da Turanci ko Faransanci shi ma tudu ne, kuma a nan ne jarrabawar sayen kundi ko kwafe rubutun wani ko miƙa wa na'ura aikin take zuwa. Jami'o'i suna kora a kan haka, amma ko ba a kama mutum ba asarar tasa ce, domin wahalar tsara hujja a rubuce ita ce ainihin abin da aka biya kuɗi a koya. Wadda take shakkar juriyarta tana iya gwada kanta da gajerun darussan kyauta na Hukumar Lafiya ta Duniya ko manhajar Safe Delivery, wadda take aiki ko babu layi, muddin ta san cewa shaidar halarta ba makin jami'a ba ce.

Da yawa daga cikin masu neman wannan karatu fita waje ce a ransu, kuma ba a zargin wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma su sani cewa digiri na biyu ba ya ba da rajistar aiki a Birtaniya. Hukumar jinya ta can jarrabawar harshe da ta kwamfuta da ta gwajin aiki take nema, ko mutum yana da digiri nawa.

Wadda ta kammala ta ci gaba da aiki a gida za ta tarar cewa takarda ba ta sauya ɗakin haihuwa da kanta. Metiron da ta yi shekara talatin tana aiki ba za ta bar abin da ta saba ba don yarinyar da ta raina a hannunta ta karanta wani rahoto, kuma sau da yawa tana da dalilin da rahoton bai sani ba. Sabon tsari yakan shiga ne idan an gabatar da shi da ladabi, da alƙaluman asibitin kansa, a taron bitar mace-macen mata da jarirai inda ƙa'idar ita ce a nemo inda tsari ya gaza ba tare da an ɗora wa mutum laifi ba, sannan a horar da kowa har da masu shara da masu gadi, waɗanda su ne suke fara ganin motar da ta kawo mai zubar jini da tsakar dare. Ungozomar gargajiya ma, wadda har yanzu ita ce take yanke cibiyar jarirai da yawa a karkara, ta fi amfani idan an jawo ta ta zama mai rako mata asibiti a kan a mayar da ita abokiyar gaba. Akwai kuma wata ƙofa da masu digiri na biyu ba su cika hange ba, wato koyarwa. Hukumar jinya tana ɗaure yawan ɗaliban da makarantar ungozoma za ta ɗauka da yawan ƙwararrun malamanta da kayan aikinta, kuma ƙarancin malamai, musamman mata, yana cikin abubuwan da shirin Women for Health ya tarar sun taƙaita makarantun Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe lokacin da ya fara aiki a 2012. Makarantar da ta rasa malamai ba a ƙara mata gurbi, gurbin da ba a ƙara ba kuwa 'yan matan karkara ne da suka ci jarrabawa aka ce su jira wata shekara.